Tsamin Teku: Wane Shafin Intanet Za Mu Yarda da Shi?

A ce malamin kimiyya ya ba mu aikin gida, mu rubuto shafi biyu a kan yadda ruwan teku ke ƙara tsami. Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa ganin teku ba sai a talabijin, don haka sai mu jawo waya mu shiga intanet. Shafin farko ya ce teku ya koma asid, yana narkar da halittun cikinsa. Na biyu ya ce duk zuƙi-ta-malle ce, teku bai zama asid ba, ba kuma zai zama ba. Kowanne ga hotuna masu kyau, ga alƙaluma, ga Turanci mai santsi. To wanne za mu ɗauka mu kai wa malam?

Kafin mu yanke hukunci, mu fara sanin abin da aka auna.

Abin da ma'auni ya nuna

Mun san ma'aunin pH daga ajin kimiyya, wanda ke tashi daga 0 zuwa 14. Ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, kamar lemon tsami da tsamiya. Sama da 7 ɓangaren kanwa ne, shi ya sa iyayenmu mata kan jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsamin. Ruwan saman teku yana ɓangaren kanwa. Kafin zamanin masana'antu yana wajen 8.2, yanzu ya sauko wajen 8.1.

Abin da ya jawo haka shi ne iskar kabon dayoksaid da ke fita idan an ƙona fetur, gas da kwal. Teku na shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wadda ɗan Adam ke fitarwa. Idan ta narke a ruwa sai ta haifar da asid mai rauni, ta kuma rage sinadarin da kawa da murjani ke gina ɓawonsu da shi, irin sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai.

Ragin 0.1 kamar ba komai ba ne, amma wannan ma'auni ba irin na tela ba ne. Kowane taki ɗaya a kansa ninki goma ne. Saboda haka wannan ɗan ragi na nufin tsamin ya ƙaru da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari.

Yanzu mu koma ga shafukan nan biyu. Na farko ya yi ƙari, domin ruwan da ke 8.1 ba asid ba ne. Na biyu ya faɗi gaskiya ɗaya ya ɓoye sauran: teku bai zama asid ba, amma wurin yake dosa, kuma ba sai ya kai 7 halittu za su fara jin jiki ba. An ga haka a jihar Oregon ta Amurka a tsakanin 2007 da 2008, inda jariran kawa suka riƙa mutuwa da yawa a wata gonar kiwonsu. Da fari an zargi ƙwayar cuta, daga baya bincike ya nuna ruwan da ake jawowa daga teku ne ke ɗauke da iskar kabon mai yawa. Da suka fara auna ruwan suna gyara shi, kiwon ya farfaɗo.

Kyan shafi ba shaida ba ne

Ba mu kaɗai ake ruɗawa ba. A 2019 masu bincike a Jami'ar Stanford sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa ɗaliban sakandare 3,446 a Amurka. An nuna musu wani shafi da ke magana kan sauyin yanayi, aka tambaye su ko abin dogaro ne. Kashi 96 cikin ɗari ba su yi la'akari da alaƙar masu shafin da kamfanonin makamashin mai da kwal ba. Sun tsaya duba tsarin shafin da abin da ya faɗa game da kansa.

Tun kafin nan, Sam Wineburg da Sarah McGrew na wannan jami'a sun lura da yadda ƙwararrun masu tantance labarai ke aiki. Ba sa daɗewa a shafin da ba su sani ba. Nan take suke fita, su buɗe wasu shafukan, su nemi abin da wasu ke cewa game da shi, sannan su dawo. Haka ake yi a gidajenmu idan an zo neman aure: ba a tsaya ga abin da saurayi ya faɗa kan kansa ba, sai a tura a yi bincike a unguwarsu.

Tambayoyi huɗu kafin mu kwafa

Ta farko, wa ke da shafin, kuma wa ke ba shi kuɗi? Mu rubuta sunansa a Google mu ga bayanin wasu a kansa. Adireshin da ya ƙare da .org kowa na iya yin rajistarsa. Wanda ya ƙare da .gov na hukumomin gwamnatin Amurka ne, kamar NOAA mai lura da teku da sararin samaniya.

Ta biyu, a ina aka yi awon, kuma yaushe? Shafi nagari zai faɗa. Tun 1958 ake auna iskar kabon a dutsen Mauna Loa da ke Hawaii, aikin da Charles David Keeling ya fara. A lokacin tana wajen 315 cikin miliyan, yanzu ta haura 420. A cikin tekun da ke arewacin tsibirin Oahu kuma akwai tashar ALOHA, inda ake auna ruwa tun 1988. Idan aka jera awon biyu, za a ga iskar na hawa, pH na sauka. Wanda ya ce mana “masana sun ce” bai ambaci masani ko wuri ko shekara ba, mu ajiye maganarsa a gefe.

Ta uku, hoton ya yi daidai da maganar? Bidiyon da aka jefa ɓawon ƙwai a ruwan khal yana narkewa gwaji ne mai kyau na aji, amma ruwan khal yana tsakanin 2 da 3 ne a ma'auni. Wanda ya nuna mana shi ya ce haka teku yake a yau, ya yaudare mu.

Ta huɗu, wasu sun tabbatar? Wannan ta fi muhimmanci, domin ko bincike na gaske yakan sha gyara. Daga wajen 2009 an buga rahotanni da ke cewa ƙarin tsami na rikita ƙananan kifayen murjani har su riƙa dosar warin abin da zai cinye su. Labarin ya zagaya duniya. Sai Timothy Clark da abokan aikinsa suka shafe shekara uku suna maimaita gwajin da kifaye fiye da 900 na jinsi shida. A 2020 suka buga sakamako a mujallar Nature cewa ba su ga wannan rikicewar ba. Wannan bai rushe awon pH ba, bai kuma rushe abin da ya faru da kawa ba. Ya dai koya mana cewa raguwar pH abu ne da aka auna a wurare da yawa, yayin da tasirinsa ga kowace halitta ake ci gaba da nazari. Shi ya sa rahoton da ya tattara bincike masu yawa, kamar na kwamitin IPCC na 2019 kan teku da ƙanƙara, ya fi labarin bincike guda ɗaya nauyi.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira ma su bi wannan layi. Suna iya kawo sunan binciken da babu shi. Idan sun ba mu suna, mu neme shi da kanmu.

Me ya shafe mu?

Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon fiye da kilomita 800, kuma kifin ƙanƙara da muke saye a kasuwa daga teku yake zuwa. Amma ko babu wannan, tambayoyin nan huɗu su ne za su yi mana aiki idan aka turo mana saƙon WhatsApp kan wani magani, ko tallafin karatu, ko amsoshin jarrabawa na bogi.

Ga abin da za mu gwada a wannan makon. Mu nemo shafi biyu da suka saɓa wa juna kan tsamin teku, mu ba kowanne minti biyar muna binciken masu shi a wasu wurare. A ƙarshen aikin gidanmu kuma mu rubuta inda muka samo kowane adadi da shekarar da aka auna shi, ta yadda malam zai iya bin sawu ya gani da idonsa.