Sojojin Jiragen Bom: Me Ya Sa Aka Daɗe Ba A Karrama Su Ba?

Tsofaffi suna tuna Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ake kira Yaƙin Hitila. An fara shi a 1939, aka gama a 1945. A lokacin Ingila tana da rundunar jiragen sama masu jefa bom. Aikinsu shi ne su tashi da dare, su ƙetare teku, su saki bama-bamai a ƙasar Jamus, su dawo kafin gari ya waye.

Babban jirginsu sunansa Lancaster. Mutum bakwai ne a ciki. Akwai matuƙi, da mai nuna hanya, da mai kula da inji, da mai rediyo, da mai sakin bom, da 'yan bindiga biyu. Yawancinsu samari ne 'yan shekara ashirin da 'yan kai. Ba tilasta su aka yi ba, su suka nemi aikin. Sai sun yi tafiya 30 kafin a ba su hutu. Da yawa ba su kai ba.

Mutum kimanin 125,000 suka yi wannan aiki. An kashe 55,573. Watau cikin kowane mutum 100, wajen 44 ba su dawo gida ba.

Ba Turawa kaɗai ba ne. Akwai wani ɗan Saliyo, Johnny Smythe, mai nuna hanya. An harbo jirginsu a 1943, ya zauna a hannun Jamusawa har 1945.

To, me ya hana a karrama su? Amsar tana da nauyi. Bom ba ya zaɓen soja. Yakan faɗa kan gidaje, ya kashe mata da yara. A birnin Hambog, a 1943, fiye da mutum 30,000 suka mutu. A Diresdin, a 1945, kimanin 25,000. Da aka gama yaƙi, sai shugabanni suka fara jin kunyar abin. Firayim Minista Churchill ya yi jawabin nasara, bai ambaci rundunar ba. Ba a kuma buga musu lambar yabo tasu ba. Alhali manya ne suka zaɓi biranen, samarin umarni suka bi.

Sai a ran 28 ga Yuni, 2012, Sarauniya Elizabeth ta buɗe wurin tunawa da su a birnin Landan. Yawancin kuɗin jama'a ne suka tara. An kafa mutum-mutumin tagulla na sojoji bakwai, kamar sun dawo daga tafiya a gajiye. A jikin ginin kuma an rubuta cewa ana tunawa da mutanen kowace ƙasa da bom ya kashe a yaƙin.

A 2013 gwamnati ta ba su alamar yabo da za su maƙala a ƙirji. Shekara 68 ke nan da gama yaƙi. Yawancinsu sun riga sun rasu, sai iyalansu suka karɓa.