Masu Tattakin Asuba: Abin Da Ya Fito Da Su Da Abin Da Suke Samu

Duk wanda ya saba fita da sassafe a Kano ko Kaduna ko Abuja ya ga abin da ya sauya a bakin titi cikin 'yan shekarun nan. Da an sallame sallar asuba, tun masu shayi ba su gama hura wuta ba, sai mutane su fara ɓullowa ɗaiɗai da rukuni-rukuni. Wani da kambas da wandon wasa, wani da jallabiyar da ya je masallaci da ita, carbi a hannu, silifas yana ta faf-faf a kan kwalta. A dandalin Murtala na Kaduna, da kewayen filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata ta Kano, da bakin tafkin Jabi a Abuja, safiyar Asabar ta zama ta masu motsa jiki. Kuma ba 'yan ƙwallo ne suka fi ɗaukar ido ba. Dattawa ne masu furfura, da 'yan kasuwa, da ma'aikatan da suka yi ritaya. Shekara ashirin baya, in aka hango magidanci mai mutunci yana sassarfa a titi, abin da za a fara tambaya shi ne wa ya biyo shi.

Yawancinsu likita ne ya koro su. Hawan jini da ciwon suga, waɗanda a da ake yi wa kallon ciwon manya masu hali, yanzu da wuya ka shiga gidan da ba a ajiye maganin ɗayansu a kan durowa ba. Mutum ya je asibiti da ciwon kai, a ɗaura masa awo a dantse, a ce ya rage gishiri da maiƙo, ya riƙa tafiya a ƙasa. Tumbin da ake taya mutum murna a kansa, ana cewa kuɗi sun zauna, shi ne ya zama abin da ake fita da duhu-duhu don a rabu da shi.

Kakanninmu ba su san wani abu wai shi lokacin motsa jiki ba, domin rayuwar ce gaba ɗayanta motsi. Namiji yana gona da fartanya, ko yana ratsa gari a ƙafa ko a keke zuwa kasuwa. Mace tana surfe, tana daka, tana niƙa a kan dutse, tana jan guga. Yara suna langa da 'yar tsere a dandali, samari suna kokawa da dambe bayan kaka. Injin niƙa ya ɗauke turmi, famfon burtsatse da 'yan ga-ruwa suka ɗauke guga, acaɓa ya ɗauke tafiyar ƙafa. Ko da aka hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, ba ƙafa aka koma ba, a-daidaita-sahu aka shige. Tafiyar da ba ta kai minti goma ba sai an tsaya an tare mai keke-napep. A gefe guda kuma kwanon ya cika da farar shinkafa da taliya da lemon kwalba. Abin da ke shiga ya ƙaru, abin da ke ƙonewa ya ragu.

Wannan ba matsalarmu ce mu kaɗai ba. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da alƙaluman da suka nuna kashi 31 cikin ɗari na manyan mutane a duniya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa motsa jiki gwargwadon da ake buƙata. Gwargwadon kuwa ba wani abin tsoro ba ne: minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, wato irin tafiyar da za ta sa numfashi ya ɗan hau amma mutum yana iya magana, sai kuma kwana biyu a mako na abin da zai ƙarfafa damatsa da cinyoyi. Minti talatin a rana, kwana biyar, an cika mafi ƙanƙantar mudun.

Sai dai akwai dalili na biyu da ba a cika faɗarsa a fili ba, kuma a ganina yana neman kamo na farko. Mutane da yawa ba tumbi ne ya fito da su ba, rashin barci ne. Mutum ya kwanta, ido biyu har ƙarfe uku, lissafi yana ta kai-komo: kuɗin haya, kuɗin makaranta, buhun shinkafa, ɗan'uwan da zai bi hanyar da ake tare mutane. Gaba yana faɗuwa ba dalili, zuciya tana bugawa, tafin hannu yana gumi. In ka tambaye shi zai ce maka ai jiki ne ya yi nauyi, yana so ya ɗan warware. Ba zai ce fargaba ce ke cin sa ba, domin a wurinmu namiji ba ya faɗin haka, kuma duk abin da ya shafi ƙwaƙwalwa ana tsoron kada a liƙa masa sunan taɓin hankali. Tattakin asuba ya ba shi hanyar neman sauƙi ba tare da ya tona kansa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cutar fargaba a duniya, sannan a shekarar farko ta annobar korona fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari. A Najeriya likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne kawai ga al'ummar da ta haura miliyan 200, wasunsu ma suna ta ficewa ƙasashen waje. Har zuwa Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, dokar 1958 ta zamanin Turawa ce ake aiki da ita. Wanda ke cikin irin wannan hali, ba likita kusa, ba kuɗin ganin likitan, ga kunya, dole ya kama abin da ke hannunsa. Ƙafafunsa kuwa kyauta ne.

To, yana yin magani? Har zuwa wani mataki, ƙwarai kuwa. A 2023 masu bincike a Jami'ar Kudancin Ostareliya sun tattara nazarce-nazarce 97 da suka ƙunshi sama da mutum dubu 128, suka tarar motsa jiki yana rage alamomin fargaba da na damuwa rage mai ma'ana. Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Fargaba jiki ne ke shirin gudu ko faɗa alhali babu abin da za a guje wa: sinadaran tashin hankali sun kwarara cikin jini, tsoka ta ɗaure, numfashi ya gajarce. In mutum ya tashi ya yi tafiya mai sauri, ya ba jikin aikin da ya shirya yi, sai ya sauka da kansa. Gajiyar da ke biyo baya tana kawo barci, hasken safiya kuma yana daidaita agogon jiki, ta yadda dare zai zama dare.

Akwai wani amfani da ya fi wannan zurfi. Mai fargaba yakan tsorata da bugun zuciyarsa. Da ya ji ta yi sauri sai ya ce shi ke nan, ciwon zuciya ne ko ajali, tsoron ya ƙara mata sauri, saurin ya ƙara tsoron. Amma wanda kullum yake hawa gangara da gangan har zuciyarsa ta buga, gumi ya keto, ya ga minti biyar bayan ya tsaya komai ya lafa, a hankali jikinsa zai koyi cewa bugun zuciya ba shelar mutuwa ba ne. Masu ilimin halayyar ɗan'adam suna amfani da wannan dabara da gangan wajen jinyar masu firgita.

Ban kuma raina rabon hira a cikin lamarin ba. Rukunin dattawa huɗu ko biyar da ke zagaye tare, ana tsokanar mai ja da baya, ana taɓa siyasa da farashin masara, majalisa ce mai tafiya. Abin da ba za a faɗa ido cikin ido ba yakan fito cikin sauƙi idan ana tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowa yana kallon gabansa. Kuma rukunin ne ke tayar da malalaci. Wanda ya san za a buga masa ƙofa ba ya komawa barci bayan salla.

Wayar hannu ta taimaka ta kuma ɓata. Ta taimaka domin likitoci da masu horarwa suna bayani da Hausa a Facebook da TikTok, kuma manhajar ƙirga taku ta mai da tafiya wasa. Ta ɓata domin ta mai da taku dubu goma kamar farilla, har wanda ya yi dubu shida yana jin ya faɗi jarrabawa. Alhali lambar nan daga tallar wata na'urar ƙirga taku ta samo asali, wadda wani kamfanin Japan ya fitar a 1965. Wani nazari da aka yi a Amurka a 2019 kan mata tsofaffi ya nuna amfanin ya fara bayyana tun daga wajen taku 4,400 a rana, ya kuma daidaita a wajen 7,500. Mai fargaba da ya mai da ƙirgar taku sabon abin zulumi bai ci riba ba.

Yanzu ga inda lissafin ke rikicewa. Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta zarce 1,000 a 2024. Mutane da dama sun jingine motoci, wasu kuɗin a-daidaita-sahun ma ya gagare su. Titi ya cika da masu tafiya a ƙasa, har ana barkwanci cewa gwamnati ta sa kowa atisaye. Barkwanci ne mai ɗaci, kuma kuskure ne a haɗa waɗannan masu tafiya biyu a kwando ɗaya. Wanda ya karya kumallo da abin da yake so, ya fito da sanyin safiya ya yi minti arba'in ya koma ya yi wanka, ba ɗaya yake da leburan da ya tako daga bayan gari cikin rana, cikinsa ba komai, yana lissafin abin da zai koma da shi gida ba. Masu bincike a Denmak sun bi sama da mutum dubu ɗari, suka wallafa a 2021 cewa motsin da ake yi don nishaɗi yana tafiya da raguwar haɗarin ciwon zuciya, amma aikin ƙarfi na neman abinci, mai tsawon awanni ba hutu, ba ya ba da wannan kariya. Ɗan dako a Kantin Kwari da mai tura kurar ruwa ba motsi suka rasa ba, hutu da abinci suka rasa. Ce musu su motsa jiki don rage damuwa rashin ta-ido ne.

Mata kuwa su ne babban giɓin wannan sabon yayi. Ko a alƙaluman duniya sun fi maza rashin motsi, kashi 34 a kan 29, balle a inda fitar mace titi tana sassarfa abin magana ne. Lokacin da maigida yake zagayensa, ita tana kan murhu da shirya yara makaranta. Aikin gidan yana gajiyarwa amma ba ya sa numfashi ya hau kamar daka da surfen da, kuma matar da ke wuni cikin ɗaki biyu da tsakar gida ta fi kowa fuskantar ƙiba da ƙunci. An fara samun wuraren motsa jiki na mata zalla a manyan birane, wasu kuma suna bin darasi ta waya a falo, da igiyar tsallake ko gorar ruwa a madadin ƙarfe. Amma kuɗin wata na irin waɗannan wurare sai masu hali. Masu kafa hujja da addini don hana su, ya kamata su tuna hadisin da ya zo cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha.

Haɗurra ma akwai. Yawancin titunanmu ba a yi su da mai tafiya a ƙasa a zuciya ba. Inda aka yi gefen tafiya, 'yan tireda da masu ajiye mota sun mamaye, sai mutum ya riƙa goga kafaɗa da tirela cikin duhu. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yana tayar wa masu asma da ciwonsu, a Maris da Afrilu kuwa zafi yana haura digiri 40, wanda ya makara har rana ta ɗaga ya sayi wahala. Fitar duhun asuba a wasu unguwanni na nufin haɗuwa da masu ƙwacen waya. Sai kuma mai shekara hamsin da ya shekara ashirin a kujera, ya tashi rana ɗaya zai kamo abin da ya wuce da gudu. Irinsa ne gwiwa ke kayarwa a mako na biyu, ko abin da ya fi gwiwa muni in yana da hawan jinin da bai sani ba. Awo tukuna, sannan tafiya, gudu daga baya in da hali.

Abin da ya fi damuna shi ne kada sauƙin da ake samu ya zama dalilin ƙin zuwa asibiti. Fargabar da ta hana mutum fita kasuwa, ko ta shafe watanni tana hana shi barci, ko ta kai shi ga tunanin gara mutuwa, ta wuce abin da zagayen fili zai warkar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, akwai sashen a asibitocin koyarwa, kuma likitocin da ke can su ma sukan haɗa wa majinyaci da motsa jiki, a matsayin ƙari a kan magani da shawara. Tattaki yana kwantar da jikin da ya firgita, amma ba ya biyan kuɗin haya, ba ya tsare hanyar Birnin Gwari daga masu tare mutane.

Ko yayin zai ɗore ya bazu zuwa unguwannin talakawa, ya danganta da wurin yin sa. Filayen unguwa da na makarantu, inda yara ke ƙwallo da yamma, manya ke zagaye da safe, su ne ake ta yankawa ana mai da su shaguna da filoti. Makarantar firamare mai katanga da aka buɗe wa matan unguwa awa ɗaya bayan la'asar, da mai gadi a ƙofa, za ta fitar da matan da babu wani gidan motsa jiki mai na'urar sanyaya ɗaki da zai taɓa gani, kuma abin da za a kashe bai wuce alawus ɗin mai gadin ba.