Wa Ke Lissafa Kwanakin Da Fursuna Ya Ci A Tsare A Amurka?

Duk wanda ya taɓa kai wa ɗan'uwansa tuwo a gidan yari ya san cewa wahala ba ranar yanke hukunci take somawa ba. Sau da yawa mutum yakan yi wata da watanni a tsare yana jiran shari'a. To, in aka zo aka ɗaure shi shekara 5, shin za a cire masa waɗancan watanni ko kuwa sun tafi a banza? A ƙasar Amurka wannan tambaya ta kai fursunonin Gwamnatin Tarayya har gaban Kotun Ƙoli, kuma ya kamata mai karatu ya san amsarta, musamman wanda ke da ɗa ko ƙane a can.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar da Majalisar Amurka ta yi a 1984, wadda ta soma aiki ran 1 ga Nuwamba 1987, ta ce a cire wa ɗaurarre kwanakin da ya yi a hannun hukuma kafin ɗaurinsa ya fara, muddin a kan laifin nan aka tsare shi, ko kuwa a kan wata tuhuma da aka kama shi saboda ita bayan ya aikata laifin. Amma akwai sharaɗi: kada ya zama an riga an lissafa masa kwanakin cikin wani ɗauri dabam. Watau kwana ɗaya ba ya biyan bashi biyu.

Nan ne rigima ta fi tashi, domin kowace jiha a Amurka tana da kotunanta da gidajen yarinta. In jiha ce ta fara kama mutum, sa'an nan Tarayya ta aro shi don ta yi masa tata shari'ar, a idon doka yana nan a hannun jiha. In jihar ta lissafa masa watannin aron, Tarayya ba za ta sake lissafawa ba.

BA ALƘALI KE YIN LISSAFIN BA

Yawancin iyalai sun ɗauka alƙalin da ya yanke hukunci shi ke cire kwanakin. Ba haka ba ne. A 1992, cikin shari'ar wani mai suna Richard Wilson daga jihar Tennessee, Kotun Ƙoli ta ce wannan aikin Babban Lauyan Gwamnati ne, ta hannun Hukumar Gidajen Yari ta Tarayya, kuma sai bayan an yanke hukunci ake yin sa. A yau ofishin hukumar da ke garin Grand Prairie a jihar Teksas ne ke wannan lissafi.

Har wa yau, ba kowane zama ake kira tsarewa ba. Wani mai suna Ziya Koray an ba shi beli bisa sharaɗin ya zauna a wani gidan gyaran hali ba fita, ya kuwa yi kimanin kwana 150 a ciki. Da aka ɗaure shi wata 41 sai ya nemi a cire masa su. A 1995 Kotun Ƙoli ta ƙi, ta ce wanda aka ba beli sakakke ne, kome tsananin sharaɗin.

MATAKAN KAI KUKA

Fursunan da ya ga an tauye shi, abin da zai fara yi shi ne ya nemi takardar lissafin ɗaurinsa, ya gwada ta da ranar kama shi da ranar hukunci. Sai ya kai magana wurin ma'aikacin da ke kula da shi ko a daidaita cikin ruwan sanyi. In abin ya faskara, yana da matakai uku a rubuce.

Na farko, ya cika fom BP-9 zuwa ga shugaban gidan yarin cikin kwana 20 da aukuwar abin da yake kuka a kai, shi kuma shugaban yana da kwana 20 ya ba da amsa. Na biyu, in bai gamsu ba ya aika da BP-10 ga daraktan shiyya cikin kwana 20. Na uku, ya aika da BP-11 ga babban lauyan hukumar a Washington cikin kwana 30. Wanda ya yi sakaci har wa'adi ya wuce, ana iya watsi da kukansa ba tare da an duba ko yana da gaskiya ba.

Sai an bi waɗannan duka kafin a je kotu. Ƙarar da ake shigarwa ita ce ta sashe na 2241, wadda ɗaurarre ke neman hukuma ta zo ta nuna hujjar ci gaba da riƙe shi. Kuɗin shigar da ita dala 5 ne. Abin lura kuwa, ana kai ta kotun Tarayya ta gundumar da mutum yake ɗaure, kuma shugaban gidan yarin ake ƙara. Wanda aka yi wa shari'a a New York aka kai shi Teksas, to a Teksas zai kai kukansa.

YADDA ABIN YAKE A GIDA

A Nijeriya hanyar ta bambanta. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta Tarayya ta 2015 ta ɗora wa alƙali ne nauyin lissafa zaman jiran shari'a sa'ad da yake yanke hukunci. Saboda haka mai ɗan'uwa a Kirikiri ko Ikoyi, lokacin yin magana shi ne kafin alƙali ya rufe littafi.

Can da nan dai abu ɗaya ke ceton mutum, watau takarda mai kwanan wata. Iyali su riƙe ranar kamu, da sunan wurin da aka tsare shi, da ranar kowane ƙaura daga gida zuwa gida. Kwanan da ba a rubuta ba, da wuya a biya shi.