Yadda Shafin Intanet Ke Daidaita Kansa da Allon Waya

Fuskar shafin intanet, wato abin da mai karatu ke gani yana taɓawa, da harsuna uku ake gina ta. HTML ke ɗauke da rubutu da hotuna, CSS ke kula da launi da jeri, JavaScript kuma ke sa maɓalli ya amsa idan an danna.

Da can ana yanka shafi daidai faɗin allon kwamfuta. Da wayoyin hannu suka yawaita, sai rubutu ya koma mitsi-mitsi kamar tururuwa, sai an buɗa shi da yatsu biyu. A 2010 Ethan Marcotte ya kawo mafita a mujallar A List Apart: shafi guda ya riƙa auna faɗin allo yana sake jeri. Labarai uku da ke kafaɗa da kafaɗa a kwamfuta sai su bi juna daga sama zuwa ƙasa a waya, hoto ya tsuke bai fita gefe ba.

A 2017 manyan manhajojin buɗe shafuka suka karɓi CSS Grid, mai raba shafi gida-gida. Wani gyara da ya daɗaɗa wa magina shafuka ya game manhajojin a 2023: kowane ɓangare yana iya auna akwatin da yake ciki, ba allon duka ba.