Lodi: Sunan Harafin Da Ya Adana Tsohon Lafazi

Duk wanda ya taɓa zama gaban malam da allo a cinya ya san yadda ake rera babbaƙu: ba guje, ta guje, ha kuri, lam jaye. Da yawa daga cikin waɗannan sunaye siffar harafi suke bayyanawa. Amma lodi, sunan da Hausawa suka ba harafin ض, lafazi ya kama.

Ginin sunan yakan fito fili in aka jera shi da ɗan'uwansa sodi, wato ص. Larabawa na cewa sad da dad. Nauyin haruffan biyu ya ja wasalin "a" ya koma "o", aka kuma ƙara "i" a ƙarshe, domin kalmar Hausa ba ta cika ƙarewa da baƙi ba. Abin da ke neman bayani shi ne "l" ɗin farkon lodi.

Sibawaihi, malamin nahawu na Basra a ƙarni na 8 na Miladiyya, ya bayyana a cikin Al-Kitab cewa mafitar harafin ض ita ce gefen harshe da turamen haƙoran da ke kusa da shi. Nan kuwa maƙwabtan mafitar lam ne. Daga baya lafazin ya sauya a bakin Larabawa da yawa, a Masar ya koma "d" mai nauyi, a Iraƙi ya haɗe da ظ.

Hausa ta riƙe alamar tsohon lafazin. Ta wannan hanya muka sami alƙali, alwala, farilla, larura, layya da lamiri, da sunaye irin su Murtala, Rilwanu da Ramalan. A kowacce, inda Larabci ke da ض, mu muna da "l". Ba mu kaɗai ba ne: a Sifaniyanci ana kiran magajin gari alcalde, daga kalmar da ta ba mu alƙali.

Yau ɗaliban tajwidi kan ji lodi su ɗauka kuskuren mutanen da ne kawai. Gyara karatun Alƙur'ani wajibi ne, babu ja. Amma kada gyaran ya sa mu raina sunan. Malaman zaure da suka ce lodi sun ji wani abu na gaske a cikin harafin, irin wanda Sibawaihi ya rubuta fiye da shekara 1200 da suka wuce, suka kuma miƙa shi daga allo zuwa allo har ya iso gare mu.