Karɓar Kuɗin Amfanin Gona Ta Waya

Manoman Safana da Batsari ba za su manta da farkon shekarar 2023 ba, bayan Babban Bankin Nijeriya ya canja takardun naira 200 da 500 da 1,000. Kuɗi suka yi wuya. Manomi ya kai wake kasuwa, mai saye ba tsaba a hannunsa, dole a karya farashi.

Tun daga nan jama'a suka koyi karɓar kuɗi ta waya. Ƙungiyar manoma ma tana iya buɗe ɗan shafi a intanet, ta haɗa shi da kamfani irin Paystack. Mai saye yana Kano zai biya, a cire ɗan lada, sauran ya shiga asusun ƙungiya. Ba sai an bi hanya da kuɗi a aljihu ba.

Amma 'yan'uwa, a yi hattara. Kada a ɗora buhu a mota don an ga saƙo a waya, akwai na jabu. A duba asusu tukuna. A kuma tuna da 2021, da aka rufe layukan waya a yankinmu na tsawon watanni saboda 'yan bindiga. Don haka ma'aji ya riƙa rubuta kowane ciniki a littafi. Rigakafi ya fi magani.