Kafin Ka Jona Fedar Jita da Wuta

A shekarar 2008 wani saurayi Buzu daga Nijar, Mdou Moctar, ya zo Sakkwato ya naɗi kundin waƙoƙinsa na farko, Anar. Salon waƙoƙin finafinan Hausa ya ɗauka, waƙoƙin kuma suka yi ta yawo daga waya zuwa waya. Yau shi da Bombino na Agadas suna cika dandali a Turai da Amurka da jitar lantarki. Saurayin Gaya ko Ajingi da ke kallon irin waɗannan makaɗa a wayarsa, in ya lura, zai ga ƙafarsu ba ta zama wuri ɗaya: suna ta taka wasu ƙananan akwatuna da ke jere a ƙasa. Su ne feda. Sautin jita yana ratsa su kafin ya isa amfilifaya, kowacce ta sauya masa kama.

Abin ya daɗe. Kamfanin Gibson ya fitar da Maestro Fuzz-Tone tun 1962, Boss na Japan kuma ya fara ƙananan fedojinsa a 1977, samfurin DS-1 na 1978 har yanzu ana ƙera shi.

Jerin da aka saba bi shi ne a fara da mai saita tsirkiya, sai wah, sai masu kaurara sauti su sa shi gurnani, sai masu kaɗa shi kamar ana lilo, eko da amsa-kuwwa su zo ƙarshe. Dalilin a fili yake: in ka sa eko gaban mai kaurarawa, kowane maimaici sai ya dagule, sautin ya cakuɗe. Amma wannan ba aya ba ce, kunnenka ne alƙali. Allon da ake jera fedojin a kai ma ba sai an sayo na kanti ba. Gaya, garin da tarihi ya ce maƙeransa, Abagayawa, su ne suka bi tama har gindin Dala, ba zai rasa kafinta ko mai walda da zai haɗa maka ɗan allo mai murfi ba. Murfin yana da muhimmanci, domin ƙurar hunturu in ta shiga maɓallan murɗawa sai su riƙa ƙarce-ƙarce.

Inda ake yin asara shi ne wajen wuta, kuma abu uku ake dubawa a jikin kowace feda.

Na farko ƙarfin wutar. Yawancin feda bolt 9 suke so, ba ƙari. Na biyu, wanda ya fi cin mutane, shi ne wane ɓangaren kan adaftar ne korau, wane ne ɗorau. A tsarin Boss, wanda yawancin kamfanoni suka bi, tsakiyar kan shi ne mai alamar ɗebewa. Adaftar dikoda ko ta na'urar intanet da ke yashe a ɗaki kuwa galibi akasin haka take, sau da yawa ma bolt 12 ce. Masifar ita ce kanta yana shiga ramin feda cif, kamar don shi aka yi. Mutum ya cusa, ya taka, fitila ta ƙi kamawa, sai ɗan warin ƙuna. Ka juya bayan adaftar, akwai zanen ɗan da'ira da ɗigo a tsakiya, layi ya fita zuwa + ko −. Shi za ka gwada da wanda ke jikin fedar. In ka ga an rubuta AC a wajen fitar wuta maimakon DC, ajiye ta kawai.

Na uku yawan wutar da feda ke sha, wanda ake rubutawa da mA. Nan mutane ke jin tsoro a banza. Adafta mai mA 1000 ba ta ƙona feda mai shan 10. Kamar randa ce, kowa iya ƙishirwarsa yake ɗiba. Ƙarancin ne ke kawo matsala. Tsohuwar feda mai kaurara sauti ba ta cika wuce mA 10 ba, amma eko na zamani mai ƙwaƙwalwar kwamfuta yana iya shan 100 zuwa 300 ko fiye. Ka tara lissafin duka, ka nemi adaftar da ta zarce shi da rata.

Akwai waya mai kawuna biyar da ke raba wutar adafta ɗaya, tana da araha, kuma ga feda uku ko huɗu tsofaffin yayi ta wadatar. Da zarar ka haɗa mai kwamfuta a ciki sai ka fara jin zuuu ko ƙyas-ƙyas a lasifika, saboda duk suna tarayya a hanya guda. Maganinsa akwatin wuta mai ware wa kowace feda hanyarta. Ni a ganina, wanda ke da kuɗin feda ta biyar gara ya sayi wannan akwatin ya zauna da huɗu.

Sai kuma inda wutar ta fito. Ta KEDCO bolt 230 ce a takarda, amma kowa ya san yadda take sauka ta hau. Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka da yawa na bolt 120 ne, jona su kai tsaye ƙonewa ne nan take. Ka nemi adaftar da aka rubuta wa 100–240V. A gidan biki, inda ɗan janareta guda ke ɗauke da lasifikoki da fitilu da fankoki, kada ka jona kayanka sai injin ya tashi ya daidaita, ka kuma cire su kafin a kashe shi. Inbata mai arha ta sola ita ma takan sa gurnani a sauti. Batir mai bolt 9 shi ya fi kowa tsabtar sauti, sai dai ka sani cusa wayar jita a ramin shiga shi ke kunna shi, in ka bar ta a ciki, zai yi ta ƙarewa ko ba ka kiɗa. Fawa bank irin wanda ake sayarwa a Farm Centre a Kano yana aiki in ka sami wayar da ke ɗaga bolt 5 zuwa 9, amma ka tabbatar da ɓangaren korau, ka kuma gwada ta da amfilifaya kafin ka biya, don wasu suna shewa.

Feda ba ta kisa, amfilifaya tana yi. Tsirkiyar jita ƙarfe ce, kuma a haɗe take da jikin amfilifaya ta cikin waya. A 1972 makaɗin jita Les Harvey ya mutu a kan dandali a Swansea ta Birtaniya bayan ya taɓa makirfon da ba a haɗa da ƙasa ba. Al'adarmu ta karye ƙafa ta uku ta fulogi, ko cusa tsirarar waya a soket a danne da tsinken ashana, ita ke jawo irin wannan. In leɓenka ya ji tsikari a makirfo, ko yatsunka a tsirkiya, ka ajiye jitar a kira mai gyaran wuta. Da damina kuma, in filin ya jiƙe, ka sa takalmin roba, ka ɗora allon a kan busasshen katako.